Ƙatuwar tayar kan jirgin Stirling: amfaninta da abin da ya kashe ta

Tambaya: Na ga hoton wani tsohon kan jirgin ƙasa na Ingila, kore, mai lamba 1. An ce a 1870 aka ƙera shi, kuma irinsa ne ke jan jiragen sauri a lokacin. Tayarsa ta tsakiya ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, kuma ita kaɗai ce babba a kowane gefe. Mene ne amfanin taya haka? In dabara ce mai kyau, me ya sa aka daina?

Amsa: Malam, wanda ka gani shi ne na farko cikin kawunan jirgi 53 da Patrick Stirling ya tsara wa kamfanin Great Northern Railway. An ƙera su a masana'antar kamfanin da ke Doncaster daga 1870 zuwa 1895, kaɗan-kaɗan, yawanci biyu ko uku a shekara. Tsarin tayoyinsu 4-2-2 ne: ƙanana huɗu a gaba, manya biyu a tsakiya waɗanda su kaɗai fistan ke juyawa, sai ƙanana biyu a baya ƙarƙashin ɗakin direba. Tsawon babbar tayar ƙafa 8 da inci 1 ne, wato wajen mita 2 da santimita 46. Ba don kwalliya aka yi ta haka ba. Kayan aikin da ake da su a 1870 ne suka tilasta, kuma wannan tayar ce ta zana wa injin iyakar da bai iya tsallakewa ba da jirage suka yi nauyi.

Stirling ɗan Sikotlan ne, an haife shi a 1820, ɗa ga Robert Stirling, limamin cocin nan da ya ƙirƙiro inji mai aiki da iska mai zafi. Ya shugabanci sashen injina na Glasgow and South Western Railway daga 1853, sannan ya gaji Archibald Sturrock a Great Northern a 1866. Layin da ya tarar yana tashi daga tashar King's Cross a Landan, ya bi ta Peterborough da Grantham da Doncaster, jiragensa su dangana da York, daga nan wasu kamfanoni su ƙarasa da taragan zuwa Edinburgh. Layi ne miƙaƙƙe, kwana kaɗan, hawa mai sauƙi amma mai tsawo. Taragan lokacin na katako ne masu taya huɗu ko shida, marasa nauyi. Abin da kamfanin ke sayarwa shi ne sauri.

Mu fara da lissafi, don shi ne ginshiƙin amsar. Kan jirgin tururi ba shi da giya kamar mota. Sandar fistan kai tsaye take haɗe da taya, fistan ya je ya dawo sau ɗaya, taya ta juya sau ɗaya. Saboda haka girman taya shi ne giyar. Taya mai inci 97 kewayenta ƙafa 25 da ɗoriya ne, tana juyawa sau 208 a mil guda. Idan jirgi na gudun mil 60 a awa, juyi 208 ke nan a minti. Taya mai ƙafa 6 da rabi kuwa sai ta juya sau 259 kafin ta ci wannan nisan. Bambancin juyi 50 a minti ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani, saboda dalilai uku.

Na farko, kuma mafi girma, bawul ne. Bawul ɗin da ke shigar da tururi silinda ya kuma fitar da shi, wani faifan ƙarfe ne da ke goguwa gaba da baya a kan ƙofofi, tafiyarsa gajera, ƙofofin kuma ƙanana. A kowane juyin taya sau huɗu ake fitar da tururi, biyu daga kowace silinda. Idan juyi ya yi yawa, tururin da ke shiga ba ya samun lokacin cika silinda, wanda ya gama aiki kuma ba ya samun lokacin fita, sai ya tokare fistan ta ɗaya gefen. Injin ya shaƙe ke nan. Komai yawan tururin da ke tukunya, gudun ba zai ƙaru ba. Rage yawan juyi shi ne hanya mafi sauƙi ta ba tururi sararin shiga da fita. Na biyu mai ne. Kitsen dabba da man tsirrai ake shafa wa sassan da ke goguwa, kuma ba sa jure zafin gudu na dogon lokaci, wurin zaman aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayar dama da ta hagu, ya yi zafi, farin ƙarfen da aka zuba a ciki ya narke. Na uku nauyin sassan da ke kai da komo: ƙarfin fizgarsu yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa, in ka ninka juyi biyu fizgar ta ninku huɗu.

To me ya sa taya guda a kowane gefe, ba a haɗa biyu da sanda ba? A 1870 an san haɗa tayoyi sarai, Stirling da kansa ya ƙera masu haɗaɗɗun tayoyi don jiragen kaya da na tsaye-tsaye. Amma a jirgin sauri bai yarda da su ba. Sandar haɗi tana buƙatar tayoyin da ta haɗa su zama girmansu ɗaya daidai. Da zarar ɗaya ta fi ɗaya cinyewa, ko da kaɗan ne, sai su riƙa jan juna ta cikin sandar, ƙarfi ya tafi a banza, kwal ya ƙone, fil ɗin da sandar ke maƙale a kai ya yi zafi. Sandunan lokacin kuma na baƙin ƙarfen ƙira ne, kuma karyewar sanda a cikin gudu masifa ce, domin guntun da ya rage yana sarar duk abin da ya samu, har ɗakin direba. Ana danganta wa Stirling cewa inji mai haɗaɗɗun tayoyi in yana gudu kamar yaro ne da ke tsere wandonsa a sauke. Ga taragai marasa nauyi, gaskiyarsa ce: mai taya guda ya fi gudu a sake, ya fi ƙarancin cin kwal da kuɗin gyara.

Daga nan kowane mataki shi ya haifi na gaba, kuma a nan ne gwanintar tsarin take. Babbar taya tana rage ƙarfin ja, kamar yadda babbar giya ke yi. Don ya maido da ƙarfin, Stirling ya tsawaita tafiyar fistan zuwa inci 28, faɗin silinda inci 18, a lokacin da inci 24 ne aka saba gani. Yawancin injinan Birtaniya na lokacin silinda biyun a ciki suke, tsakanin firam, wato ƙarafan da ke ɗauke da jikin injin, suna juya aksil mai gwiwa irin karanshaf ɗin mota. Da ya bi wannan hanya, ga abin da zai faru: tsakiyar aksil tana sama da dogo da ƙafa 4 da ɗan kai, gwiwar za ta ƙara inci 14, ga kaurin kan sandar fistan a samanta. Dole a ɗaga tukunya sama sosai don gwiwar ta samu wurin juyawa, kuma injiniyoyin lokacin suna tsoron inji mai tsayi. Bayan haka aksil mai gwiwa shi ne sashen da ya fi saurin tsagewa a duk injin, balle a ce shi kaɗai zai ɗauki nauyi mafi girma ya kuma sha dukan fistan. Sai ya fitar da silinda waje, aksil ya zama miƙaƙƙen ƙarfe, sandar fistan ta kama fil a jikin tayar. Kafin ya yanke wannan shawara sai da ya aro wani inji mai silinda a waje daga kamfanin Great Eastern ya gwada shi a layinsa. Bawul da na'urar Stephenson mai sarrafa su an bar su a ciki, shi ya sa a hoto ba ka ganin tarkacen sanduna, sai sanda guda.

Silinda a waje kuma, masu nauyi, can gaba, suna da nasu aibin. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta na ciki, saboda haka in na dama ya tura na hagu ya ja, gaban injin yana son ya riƙa waige dama da hagu. Aksil guda a gaba ba zai iya riƙe wannan ba. Shi ya sa Stirling, wanda ba mai son ƙarin kaya ba ne, ya sa ƙaramin keke mai taya huɗu a ƙarƙashin silinda, wanda ke juyawa a kan fil guda. An ɗan matsar da fil ɗin baya da tsakiyar keken, ta yadda tayoyin gaba za su ɗauki nauyi kaɗan, na bayansu su fi su, sannan babbar taya ta zo da mafi yawa. Nufin shi ne a danne dogo a hankali, mataki-mataki, kafin nauyi mafi girma ya hau. Duk da haka, wurin da silinda ke haɗe da firam shi ne inda mai duba irin wannan inji zai fara kai fitila, don a nan kusoshi ke kwancewa, a nan tsaga ke farawa.

Tukunyar ba ta da ƙubba, wato kumburin nan da ake gani a gadon bayan yawancin injina, inda ake ɗiban tururi daga can sama nesa da ruwa. A ganin Stirling huda tukunya don ɗora ƙubba raunana ta ne. Maimakon haka wani bututu mai ƙananan huji ne ke kwance a can saman cikin tukunya yana tattara tururi. Wannan ya ba injin kyan sura, amma ya ɗora wa mai zuba kwal nauyi. Idan ya cika ruwa fiye da kima, ko ruwan ya yi datti yana kumfa, sai ruwa ya bi tururi zuwa silinda. Ruwa ba ya matsuwa. Kaɗan daga cikinsa yana wanke man da ke jikin bawul da fistan, mai yawa kuma yana iya fasa murfin silinda ko lanƙwasa sanda. Alamarsa ita ce sautin hayaƙi ya dushe, farin feshi ya riƙa zubowa daga bututun hayaƙi. Maganin a take shi ne a rage tururi a buɗe famfunan ƙasan silinda ruwan ya fita. In kuma ruwa ya yi ƙasa har rufin murhu ya fito fili, akwai toshen dalma da aka dasa a rufin, zai narke tururi ya feso cikin wuta ya faɗakar da su kafin jan ƙarfen rufin ya saki. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu tazara kaɗan ce a siririyar tukunya, musamman inda layi ya gama hawa ya fara gangara, ruwa ya kwarara gaba ya bar saman murhu.

Yanzu ga inda matsalar take. Ƙarfin jan inji ana lissafa shi ne daga matsin tururi da faɗin silinda da tafiyar fistan da girman taya. Na farkon suna aiki da matsin fam 140 a kan kowane inci murabba'i, lissafin ya ba da ƙarfin ja kimanin fam 11,100. Amma ƙarfin da taya za ta iya isarwa dogo ba zai wuce riƙon da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ba, kuma a busasshen dogo riƙon kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na nauyin da ke kan tayar. Injin gaba ɗaya wajen tan 39 ne, amma abin da ke kan manyan tayoyin bai wuce tan 15 ba, wato fam 33,600. Rubu'insa fam 8,400. Ka ga ke nan silinda sun fi ƙarfin riƙon taya ko a ranar da babu ruwa. A jiƙaƙƙen dogo, ko mai maiƙo, ko wanda ganye ya zuba a kai, riƙon yana iya faɗuwa zuwa rabin haka. Fiye da rabin nauyin injin yana kan tayoyin da ba sa ja.

Don haka tayar da irin wannan inji sana'a ce. Direba zai buɗe famfunan silinda don ruwan da ya taru ya fita, ya tura sandar sarrafa bawul gaba gaba ɗaya, ya saki yashi a gaban tayoyin, sannan ya buɗe tururi kaɗan-kaɗan. Idan taya ta sulɓe ta fara juyawa a banza, abu na farko shi ne a rufe tururi nan take. Ba a zuba wa taya yashi tana cikin sulɓi da tururi a buɗe, domin in ta cafke dogo farat ɗaya, girgizar tana lanƙwasa sanda ko ta kwance fil. Sulɓi kansa yana ɓarna ta hanyoyi da yawa: ƙarfin hayaƙi yana yage wutar da ke murhu ya watsar da garwashi ta bututu, yana tsotso ruwa zuwa silinda, tayar kuma tana cin kan dogo ta bar rami. Wani lokaci injin yakan tsaya a inda fistan ɗaya ya kai ƙarshen tafiyarsa, ɗayan kuma bawul ya riga ya rufe masa, sai ya ƙi motsi sam. Nan sai direba ya ɗan ja baya, sannan ya sake gwada gaba. Da jirgi ya kama gudu, sai ya riƙa janyo sandar bawul baya daki-daki, ta yadda za a yanke shigar tururi tun fistan bai wuce rubu'in tafiyarsa ba, sauran tafiyar tururin da ke ciki ya ƙarasa ta da buɗewarsa. A nan ake samun rangwamen kwal. Mai zuba kwal kuwa kaɗan-kaɗan yake yi a kai a kai, da kauri a kusurwoyin baya da ƙarƙashin ƙofa, da sirantaka a gaba, kada ya bar rami a wutar inda iska mai sanyi za ta shiga ta bugi bakin bututan tukunya su fara yoyo.

Wurin da ya fi gwada direba shi ne fita daga King's Cross kanta. Layin yana nutsewa ƙarƙashin magudanar Regent's Canal ta cikin ramin Gasworks, sannan ya kama hawa na ƙafa 1 a kowace 107 ta ramin Copenhagen, dogo a jiƙe da laima da toka, inji bai gama ɗumi ba. In ya tsallake nan, sauran hanyar tasa ce.

Kuma da ya samu hanya, yana yin abin da aka ƙera shi dominsa. Injinan sun ja jirgi mai tan 275 a matsakaicin gudun mil 50 a awa, da ƙaramin kaya kuma an auna su a mil 85. Sun shiga tseren da kamfanonin gabas da na yamma suka yi zuwa Edinburgh a 1888, da na Aberdeen a 1895 bayan buɗe gadar Forth a 1890. A ɗaya daga cikin dararen ƙarshe na tseren, cikin Agustan 1895, mai lamba 668 ya ci mil 105 da rabi daga King's Cross zuwa Grantham cikin minti 101, aka sauya kai, mai lamba 775 ya ƙarasa mil 82 da ɗoriya zuwa York cikin minti 76. Sai dai a lura, jirgin tseren taragai kaɗan ne, wajen tan 100. Wannan shi ne kayan da ya dace da su.

Jiragen yau da kullum kuwa nauyi suke ƙarawa. Great Northern ce ta fara saka taragon cin abinci a Birtaniya a 1879, tsakanin Landan da Leeds. Bayan hatsarin Armagh na 1889 doka ta wajabta birki mai kama kansa a duk taragan fasinja. A shekarun 1890 aka shigo da dogayen taragai masu baranda ta ciki da makewayi, nauyin da ake ja don kowane fasinja ya haura sosai. Yashin da ake fesawa da tururi kai tsaye ƙarƙashin taya, wanda aka fara a layin Midland a tsakiyar shekarun 1880, ya ɗan tsawaita rayuwar masu taya guda a ƙasar, domin kafin shi iska kan kwashe yashin tun bai kai dogo ba. Har Midland ta koma ƙera irinsu a 1887. Amma yashi yana ƙara riƙo ne kawai, ba ya ƙara tururi.

Tururi kuwa shi ne iyaka ta biyu, kuma ita ce ba ta da magani. Faɗin layin ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, tsakanin bayan tayoyi biyu kuma kimanin ƙafa 4 da inci 5. Tunda saman tayar ya kai ƙafa 8, tukunya dole ta zauna a tsakaninsu, faɗinta ba zai wuce wajen ƙafa 4 ba. Murhu ma a matse yake tsakanin firam, shimfiɗar wutarsa ba ta kai ƙafa 18 murabba'i ba. Injinan Iron Duke na Daniel Gooch, na 1847, su ma tayarsu ƙafa 8 ce, amma a layin Great Western mai faɗin ƙafa 7 da rubu'in inci, inda akwai wurin tukunya mai ƙiba. Stirling bai da wannan sararin. An ɗaga matsin tururi a hankali zuwa fam 160, sannan a rukunin ƙarshe guda shida, masu lamba 1003 zuwa 1008, na 1894 da 1895, aka kai fam 170, aka faɗaɗa silinda, aka tsawaita murhu, aka ɗora wajen tan 19 a kan aksil guda. A ganina wannan rukuni ya wuce inda tsarin ya kamata ya tsaya. Ƙarfin ja ya haura fam 15,000, riƙo bai bi shi daidai ba, dogo kuma yana shan nauyin da ya yi masa yawa. A ranar 10 ga Nuwamba 1895 dogo ya karye ƙarƙashin jirgin da mai lamba 1006 ke ja a St Neots. Washegari Stirling ya rasu yana kan muƙaminsa. A ranar 7 ga Maris 1896 mai lamba 1003 ya sauka daga layi a Little Bytham, a wurin da aka sake shimfiɗa dogo bai gama zama ba. A duka biyun yanayin layin na da babban kaso a laifin, amma sun nuna cewa ba sauran wurin ƙara nauyi a kan aksil guda.

Akwai wani abu da masu son waɗannan injina ba su cika faɗa ba. Daga 1885 Stirling ya ƙera wasu masu tsarin 2-2-2, taya wajen ƙafa 7 da rabi, silinda a ciki, ba keken gaba. Sun fi araha, kuma aiki ɗaya suke yi da masu ƙafa 8 a jirage iri ɗaya. Wannan yana nuna cewa zuwa lokacin ƙarfen aksil ya inganta, kuma inci shidan da aka ƙara bai zama dole ba kamar yadda ya zama a 1870.

Henry Ivatt, wanda ya gaje shi, ya sa wa wasu daga cikinsu tukunya mai ƙubba, amma ya san gyara ba zai wadatar ba. A 1898 ya fitar da mai lamba 990, tsarin 4-4-2 na farko a Birtaniya cikin masu jan taragon kwal da ruwa a bayansu: manyan tayoyi huɗu a haɗe, gajeru da za a iya ɗora tukunya a samansu, nauyin riƙo kusan ninki biyu. A 1902 ya biyo da mai lamba 251, mai ƙatuwar tukunya da murhu mai faɗi da ya zauna a kan ƙananan tayoyin baya. Injinan Stirling suka koma ƙananan layuka, aka riƙa sallamarsu, na ƙarshe ya bar aiki a 1916. Matsalar shaƙewar tururi kuma an warware ta daga tushe, da bawul mai siffar fistan mai doguwar tafiya da manyan ƙofofi, da tururin da ake ƙara gasawa bayan ya bar ruwa, da man da ke jure zafi. Ka kwatanta: injin Stirling a gudun mil 85 tayarsa tana juyawa kusan sau 295 a minti. Kan jirgin da ake kira Mallard, wanda shi ma a Doncaster aka ƙera shi, ya kai mil 126 a awa a gangaren Stoke kudu da Grantham ranar 3 ga Yulin 1938 da taya mai ƙafa 6 da inci 8, wato juyi kusan 530 a minti.

Mai lamba 1 da ka gani an dakatar da shi daga aiki a 1907, kamfanin ya adana shi. An sake hura masa wuta a 1938 ya ja jirage na musamman, haka kuma a farkon shekarun 1980. Yana cikin kayan gidan tarihin jiragen ƙasa na Birtaniya da ke York. In kana son bambance na farko da na baya a hoto, dubi murfin da ke kan babbar taya: na farkon an yi masa tsaga-tsaga ana hango tayar ta ciki, na baya kuma rufaffe ne ruf.